Shekarar da Abbanku Ya Koyi Iyo

Na sha jin ku kuna ba ƴaƴanku labari wai kakansu ya taɓa hawa igiyar teku a Malesiya, yana tsaye ƙyam a kan allo. Ban taɓa katse ku ba, don labarin yana sa yara dariya, shi ma kuma, Allah ya ji ƙansa, in ana yi a gabansa sai dai ya gyara zaman gilashinsa ya yi murmushi. To amma tunda na ɗauki alƙalami gara in faɗa muku gaskiya: Abbanku bai taɓa miƙewa a kan allon nan ba, ko na ƙiftawar ido. A shekarar ku kuna gida wajen kakarku kuna makaranta, yayarku Nusaiba kaɗai ce a gabanmu, shi ya sa labarin ya iso muku a gutsure. Ni kuwa kun san sai da na gama haihuwarku na shiga ajin yaƙi da jahilci, rubutuna a hankali yake tafiya. Ku bi ni a hankali.

Muna zaune a Bukit Jalil a lokacin, a wani dogon bene da tagarmu ke kallon layin jirgin ƙasa na LRT. Malam, wato Abbanku, yana koyarwa a wata jami'a mai zaman kanta, Nusaiba tana shekara ta biyu a wata daban. Tana da ƙawa ƴar Malesiya mai suna Aina, yarinya mai kunya da yawan gaisuwa, ƴar wajen Kuantan a gaɓar gabas. In an yi hutu takan roƙe mu mu bar Nusaiba ta bi ta gida, mu kuma mukan bari, don mun san iyayenta. In ta dawo, fuskarta ta ƙara duhu, sai in tambaye ta me suke yi a can, ta ce, "Umma, hawan ruwa muke yi." Ni da na ji haka sai na zaci irin wasan da yara ke yi a bakin gaɓa ne, ruwa ya zo su gudu, ya koma su bi shi. Ban ƙara tambaya ba.

Wata Juma'a Malam ya dawo daga masallaci bai cire hula ba ya zauna a falo. Ashe bayan an idar wani daga cikin mutanenmu ya ja shi gefe ya nuna masa bidiyo a waya, yana cewa shi dai don Allah ya nuna, kada a ji a bakin wasu.

"Hajiya, kira mini yarinyar nan."

Ta fito ta durƙusa. Ya miƙa mata wayarsa, ni ma na leƙa. Na ga ruwa ya taso kamar katangar gidan gwamnati, ga wata ƴar halitta cikin baƙaƙen kaya da ɗan hijabi mai kama kai, tana tsaye a kan dogon allo, katangar tana biye da ita za ta rufe ta.

"Ke ce wannan?"

"Ni ce, Abba."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Na gaya wa Umma."

"Ta gaya mini," na ce, "ni ce ban gane ba."

Kun san Abbanku mutumin Gumel ne. Ruwa mafi zurfi da ya sani a rayuwarsa shi ne na rijiya, shi ma daga sama yake leƙa shi. Na ɗauka nan take zai ce kada ya sake ji, magana ta mutu. Sai ya yi ta kallon wayar, yana maimaita bidiyon. Can ya ajiye.

"Ban saba hana abin da ban sani ba. Ko a aji ba na kayar da ɗalibi sai na karanta takardarsa. Za ki kai ni wurin nan in gani da idona, in shiga da ƙafata. In na fito zan yanke hukunci, abin da na yanke kuma ya zauna. Kafin nan ƙafarki ba za ta taɓa teku ba. Kin ji?"

"Na ji, Abba."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Da na bi ta na tarar da ita zaune a bakin gado ta rungume filo, ba ta kuka. A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce tun da muka zo ƙasar nan ita baƙuwa ce a ko'ina, a aji ita ce ƴar Afirka, a cikin jirgi mutane su bar kujerar kusa da ita, in mun je gida hutu kuma a ce Hausarta ta karkace. Ta ce a cikin ruwan nan kaɗai ne ba wanda ke tambayar ta daga ina take. Na ce ta tashi ta ci abinci.

Malam ba mutum ne mai barin magana ta kwana ba. Cikin mako ya tambayi abokan aikinsa yaushe sararin gaɓar gabas ke washewa, suka ce masa tsakiyar shekara, rana fes, ruwa garau. Ya dawo ya ce an gama, watan Yuni za mu. Hujjarsa ta ɗan manomi ce: mai hankali ba ya kusantar ruwa da damina, sai an ɗauke. Nusaiba ta buɗe baki, ta kalle ni, ta rufe.

Kashegari muka je kasuwar Chow Kit sayen kifi da maƙwabciyarmu Hajiya Bilki, matar Dakta Sani abokin Malam. Bakaniya ce mai faɗin zuciya da faɗin baki, ta riga mu zuwa ƙasar da shekaru, ba lungun da ba ta sani ba. A cikin jirgin dawowa, ledoji a ƙafafunmu, Nusaiba ta faɗa mana abin da ya sa ta rufe baki: a watan Yuni tekun can ba ya motsi. Igiya sai iskar damina ta kaɗo daga wajen China, ƙarshen shekara. Hajiya Bilki ta tafa hannu har mutane suka waiwayo.

"Kai, Allah ya so ki, ƴar nan! Ai shi ke nan. Ki ja bakinki ki yi gum. Na je wurin a Yuni, wallahi kamar ruwan randa. Malam zai je ya gan shi kwance, ya tsoma ƙafa, ya ce au, dama wannan ne ake ta surutu a kai? Ya sa miki albarka. Ke ba ki yi ƙarya ba, shi ya zaɓi watansa."

"Anti, in ya yarda da wancan tekun, ai ba nawa ya yarda da shi ba."

"Oh ni Bilki! Ana nuna miki ƙofa kina tambayar ina taga. Maman Nusaiba, ba za ki yi mata magana ba?"

Ina dai kallon hannun Nusaiba a kan ƙarfen jirgi, ta riƙe shi har jijiya ta fito.

Ran Lahadi da safe muka sauka shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi masu shayi, da ke ƙasan benenmu, inda Malam ke son shan shayinsu mai kumfa da roti, wata irin gurasarsu. Sai da ya yagi lomar farko sannan ta yi magana, idonta a kan tebur.

"Abba, a Yuni babu igiya. In mun je ba abin da za ka gani. Abin da ka gani a waya sai Disamba, lokacin da ake ruwa ba ƙaƙƙautawa, masunta su ja kwale-kwalensu tudu."

Ya ajiye lomar.

"Wato lokacin da masu hankali ke gudu, lokacin kuke zuwa."

"E, Abba."

"Kin san da kin yi shiru da ke ce da riba?"

"Na sani."

Ya kalle ta ta saman gilashi. Ita kuwa ba ta gama ba.

"Sannan ba zan kai ka ba sai ka iya iyo."

Mai kawo shayi ya zo ya tsaya yana jiran mu ce wani abu, ya gaji ya tafi. Malam ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya ce to, Disamba. A ranar ta ƙara wa kanta rabin shekara ba ta taɓa teku ba, kuma ta zaɓi a yi mata shari'a da hujjar da ta fi kowace yi mata illa. Ni da na haife ta ban san a ina ta samo wannan ba.

Akwai kwamin iyo a hawa na ƙasa, mun shekara muna wuce shi kamar ba namu ba. Nusaiba ta zaɓi bayan sallar asuba, da tunanin ba kowa. Ni kuma na ɗora wa kaina maganar sutura, don ban ga yadda za a yi mutum kamar Malam, da furfurarsa, ya tsaya gaban jama'a da matsattsiyar riga ba. Na ɗauko wani yadi mai kauri na ɗinka masa jamfa har gwiwa da wando mai faɗi, na yi masa ɗan aiki a wuya. Da ya saka ya yi kyau ƙwarai, ya kalli madubi ya ce madalla. Nusaiba ta duba, ta ce, "Umma, to a gwada." Yana shiga ruwa jamfar ta kumbura ta taso ta rufe masa kai kamar laima, wandon ya cika ya ja shi ƙasa. A wurin da ruwa bai wuce ƙirjinsa ba sai da ta kamo shi da hannu biyu. Ya fito yana tari, aikin wuyan nan yana tsiyaya.

"Hajiya, in kashe ni kike son yi ai akwai hanya mafi sauƙi."

Ranar muka je wani kanti a Bukit Bintang ta zaɓo masa riga mai dogon hannu da wando da ya sauka ƙasan gwiwa, masu kama jiki amma ba sa nuna tsiraici, da ƴar igiyar roba ta ɗaure gilashi ta ƙeya. Jamfar kuwa ta koma tsumman goge taga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a watannin nan shi ne yadda take koya masa. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi masa dariya ba, ko da ni a bakin kwami ina toshe baki da mayafi. Makonnin farko ba ta ce ya yi iyo ba sam. Cewa take ya tsaya, ya sa fuska a ruwa, ya hura. Malam da ke tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai sai ga shi ya riƙe bakin kwami da hannu biyu yana ɓulɓula kamar tulu. In ya ɗago a firgice sai ta ce, "Ya yi kyau, Abba, a ƙara ɗaya." Ta gano abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ruwa ya shiga kunnensa ya daina jin duniya, sai ta riƙa sa tafin hannunta a ƙarƙashin ƙeyarsa yana kwance rigingine, tana ce masa ya karanta abin da ya sawwaƙa a ransa har ya kai ƙarshe. Wata safiya ya kai ƙarshen surar ya buɗe ido, ya gan ta can nesa ta naɗe hannu. Tun tsakiyar karatun ta zare hannunta bai sani ba.

Zancen ba kowa kuwa bai daɗe ba. Akwai wani tsoho ɗan China da ke zuwa motsa jiki, kullum sai ya tsaya ya ɗaga wa Malam babban yatsa yana cewa, "Boleh, boleh!" wato za ka iya. Sannan samarinmu ƴan Najeriya da ke haya a benen, wasu ma ɗalibansa ne, suka fara fitowa baranda da buroshi a baki. Na ga ranar da Malam ya ɗaga kai ya gan su jere. Na ce yau kam zai fita ba zai dawo ba. Sai ya share ruwa daga gemu ya ɗaga murya:

"Kai, Bashir! Ka gama aikin da na ba ku?"

Barandar ta watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Amma maganar ta fita. A wajen taron suna na ji mata sun yi shiru da na shigo. Wani dattijo da ya saba kiran Malam in za a sasanta rigima ya daina kira. Akwai kuma wasu mutanen kirki da suka fara tambayar Nusaiba wa ɗansu, suka ja baya ba sallama. Malam ya san duk wannan. Bai taɓa ambatawa ba, kuma bai fasa sauka da asuba ba.

Shirin tafiyar kansa ita ta yi shi, kuma sai daga baya na lura ba ta shirya komai don kanta ba. Wurin sunansa Cherating. Aina ta ce su kama masauki kusa da tsinin dutsen da manyan igiyoyi ke karyewa, inda ƙwararru ke taruwa. Nusaiba ta ƙi, ta nemo wasu ƴan ɗakunan katako can cikin lungun gaɓar, inda ƙasan yashi ne zalla kuma mutum zai yi ta tafiya ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Ta sa aka ajiye masa allo mai faɗi mai laushi kamar katifa, wanda ko ya bugi mutum ba zai fasa masa kai ba. Ta zauna tana gwama lokutan cika da janyewar teku da lokutan salla, don kada ya shiga ruwa hankalinsa yana kan azahar. Da yamma kuma ta shimfiɗa bargo a falo ta ce shi ne allo, ya kwanta rub da ciki, ya yi kamar yana tuƙi da hannu, in ta ce "yanzu" ya yunƙura ya miƙe. Gwiwoyinsa suna ƙara kamar ana karya kara. Ni ina kicin ina soya dambun naman guzuri ina jin "yanzu", sai ƙas, sai "wash".

Dakta Sani ya ce shi fa ba za a ba shi labari ba, da motarsa za a je. Haka muka ɗunguma da su, Hajiya Bilki ta cika bayan mota da kuloli kamar za mu Makka ta ƙasa. Tun daga tsaunukan hanya ruwa ya tare mu, bai sake mu ba har muka isa.

Da safe muka fita gaɓa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Tekun ya zama ja kamar kunun kanwa, kogin da ke gefe yana ta aman itatuwa a cikinsa, ƙara kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. An kafa jar tuta. Duk da haka akwai wasu samari ƴan garin a can ciki suna ta hawa. Malam ya fito cikin kayansa, ya ɗaure gilashi, ya ɗaure igiyar allon a idon sawunsa kamar yadda aka koya masa, ya rungumi allon. Wata shida yana jiran wannan safiya. Nusaiba kuwa ta tsaya nesa kaɗan, hannu a ƙugu, tana kallon ruwa. Ta daɗe har Hajiya Bilki ta ce ko wahayi take jira. Sannan ta juyo.

"Abba, yau ba shiga."

"Kamar yaya? Waɗancan fa?"

"Su a nan aka haife su. Ka ga can inda ruwan ya yi santsi kamar hanya? Ja yake yi zuwa ciki. Ni ma ba zan shiga ba."

"Ai ni bakin gaɓa kawai zan tsaya."

"Ko bakin gaɓa."

Ya dubi Dakta Sani, wanda ya riga ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Na san wannan kallon. Ya gyara riƙon allon ya taka zuwa ruwa. Nusaiba ta sha gabansa. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi kamar mai gaisuwa, ta kama idon sawun ubanta ta kwance igiyar, ta miƙe ta zare allon daga hammatarsa, ta kai shi tudu ta ajiye ta zauna a kai.

"Ka yi haƙuri, Abba."

Dakta Sani ya mayar da waya aljihu ya shiga duba sararin sama. Malam ya tsaya hannu sake, ruwa yana zuwa yana lasar ƙafarsa. Sannan ya juya ya wuce ɗaki bai kalli kowa ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, samarin nan ba abin da ya same su. Kusan azahar suka fito suna dariya, suka wuce ta gaban ɗakinmu da allunansu, Malam yana zaune a baranda yana kallon su. Bai ci abincin rana ba. Hajiya Bilki ta ja ni gefe ta ce, "Ƴarki ta kashe kanta da hannunta. Wane uba ne za a yi wa haka a gaban abokinsa?" Ni ma abin da nake gani ke nan.

Kashegari ma haka Nusaiba ta fita ta tsaya ta duba, ta dawo ta durƙusa ta ce yau ma ba shiga. Ya ce, "To," bai ɗago daga littafinsa ba. Kwanakin da muka ɗauka kaɗan ne, saura safiya ɗaya. Na same ta a bayan ɗaki na ce mata in gobe ma haka ne fa? Ta ce, "Sai mu koma, Umma." Na ce in ya hana ki fa? Ta ce, "Sai ya hana ni yana da rai."

Safiyar ƙarshe iska ta kwanta, jan ruwan ya washe, igiyoyin suna zuwa a jere kamar kunyoyin gona. Ta duba, ta zo ta ɗauko allon da kanta ta kai masa har baranda. Na ɗauka zai ƙi. Ya tashi ya saka kayansa.

Ta shiga da shi har ƙugu, ta kwantar da shi a kan allon, ta riƙe bayan. Da farin kumfa ya taho ta tura shi tana cewa "yanzu!" Malam bai ko yunƙura ba. Ya ƙanƙame allon da hannu biyu, ido a rufe, kumfar ta kwaso shi a guje har ta dire shi a kan yashi gaban ƙafafuna. Suka koma. A karo na gaba ya kai gwiwa ɗaya, allon ya kife, ruwa ya yi ta mirgina shi kamar ana wanke gero. Ta ɗago shi yana aman ruwan gishiri. Ya sake komawa, ya sake kifewa. Daga nan ya rarrafo tudu ya zauna kusa da ni yana haki, yashi har cikin gemu. Iyakar hawan igiyar Abbanku ke nan.

Da numfashinsa ya dawo ya ce mata, "To, je ki in gani."

Ta ɗauki nata siririn allon ta shiga. Muna kallo tana ƙanƙancewa har ta zama ɗigo. Igiyar farko da ta nema ta ɗaga ta ta maka, ta ɓace. Allon kaɗai ya yi tsalle sama. Malam ya damƙi hannuna, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Ina jin yana salati ƙasa-ƙasa. Can baƙin hijabin ya ɓullo. Ta jawo allon ta hau ta koma ciki. Ta bar ɗaya ta wuce, ta bar ta biyu. Da wadda take so ta zo sai kawai na gan ta tsaye, ta ɗan rusuna, hannu ɗaya yana shafar jikin ruwan, tana gangarowa a karkace tun daga wajen dutsen har kusa da mu, ba gaggawa, kamar mai tafiya a tsakar gidansu. Hajiya Bilki ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai na ji ina hawaye, ban san ko na tsoro ba ne ko na me.

Muka haɗa kaya muka kama hanya, mota shiru. Sai da muka tsaya salla a wani wurin hutawa na kan hanya, muka zauna cin abinci, sannan ya ture farantinsa.

"Nusaiba."

"Na'am, Abba."

"Abin nan ya fi yadda aka nuna mini muni. Na shiga inda bai wuce ƙuguna ba ya kusa kashe ni. Ba wasa ba ne, kuma ba zan taɓa son sa ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Yau na ga kin iya, amma samarin nan ma sun iya, iyawa ba ta hana ruwa cin mutum. Shekaranjiya nake tunani. Wata shida kina jiran teku, ga shi a gabanki, ga hukuncinki a hannuna, kika ƙwace mini allo a gaban Dakta. Na ji haushi, har yanzu ma da saura. Sai dai wadda ta iya hana ni, ta iya hana kanta." Ya cire gilashi ya goge. "Ki ci gaba. Sharaɗina ɗaya. Ba na son labarin ranar da kika hau. Amma duk ranar da kika je kika duba kika fasa, ki kira ni ki gaya mini."

Dakta Sani ya ce kai Malam, wannan wane irin sharaɗi ne? Hajiya Bilki ta ce masa ya ci shinkafarsa.

Haka kuwa aka yi. Duk ƙarshen shekara in iska ta kaɗo, Nusaiba takan tafi gabas. Wata safiya sai wayarsa ta yi ƙara, in ji muryarta tana cewa, "Abba, yau ban shiga ba." Ranar sai ya yini da fara'a, ya sauka ya sayo mana roti, ya tsokani kowa. Ranar da wayar ba ta yi ƙara ba kuwa mun san inda take. Sai ya yi ta buɗe littafi yana rufewa har sai ta aiko da saƙo da yamma cewa ta fito. Bai sake taka teku ba har ya koma ga Allah, amma bai taɓa janye maganarsa ba, ko a shekarar da aka yi babbar ambaliya na roƙe shi ya janye.

Yanzu ta yi aure, tana can Malesiya da mijinta da ƴaƴanta, ni ina nan gida. Ban taɓa ce mata sharaɗin ya dawo kaina ba. Amma Disambar farko bayan rasuwarsa, ina shirin kwanciya su kuwa gari ya waye musu, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka na ji ƙarar tekun nan a bayanta.

"Umma," ta ce, "yau ban shiga ba."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka."